Ƙibar da Muka Yaba wa Naja'atu

Duk mai adalci dole ya yaba wa matan Gammo a kan jego. Shekara goma sha tara ke nan ina shiga gidaje da ƙunshin kaya a ka, daga Gwarzo zuwa Kabo, ta Lakwaya, ta Kutama, ban ga inda aka iya kiwon mai haihuwa kamar can ba. A kai musu yarinya kamar sillen kara, kwana arba'in su dawo da ita sai an yaye labule gaba ɗaya kafin ta shige ɗaki. Ruwan wankansu ba ya hucewa, kununsu ba ya ƙarancin kanwa, wutar ƙarƙashin gado kuwa ko damina ba ta isa ta kashe ta ba. A wannan zamani na tsuke bakin aljihu, da wuyan kowa ya yi tsawo har na masu albashi, a ce ga ƙauyen da har yanzu yake fitar da mace da kumatu, ai abin a jinjina ne. Ni ma na jinjina. Da bakina, a gaban shaidu, kwana shida kafin abin da zan faɗa.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, sha ɗaya ga Rajab, watan da iyayenmu ke kira Azumin Tsofaffi, wato 18 ga Satumba 2002, bayan la'asar kaɗan, Allah ya karɓi ran Naja'atu, matar Malam Tasi'u malamin firamare a Gwarzo, 'yar Inna Marka ta Gammo. Shekarunta ashirin da tara. Ta rasu kwana talatin da uku da haihuwarta ta huɗu, saura mako guda ta gama wanka. Matan da suka yi mata sutura sun fito suna share hawaye suna cewa, ga jiki ya yi kyau, ashe ba rabon a mora.

Ni ce Asibi dillaliya, mai atamfa da hijabi da takalmi. Na gama aji bakwai, na taɓa shekara biyu a makarantar horon malamai kafin aure ya ɗauke ni, shi ya sa nake iya riƙe biro, ko da yake na fi iya riƙe mai saye. Ta'aziyya a takarda ba aikina ba ce. Mu tamu zuwa ne, a zauna a tabarma, a ce ya ƙarin haƙuri, a ce sai godiya, a karkaɗe zani a tashi. Na yi wannan ɗin, har sau uku. Abin da ya zaunar da ni rubutu shi ne ƙanwarki Sa'ada, Naja'atu. Cikinta wata takwas ne, na fari. Ɗakin da kika kwanta a Gammo an riga an share mata shi, itacen da kika rage an tattara an ƙara wani a kai. Sa'ada tana karatu, mijinta Ubaidullahi kuma ba ya wuce jarida. To su karanta.

Amma bari in fara da ke, don ke ce aka rasa.

Shekara goma sha ɗaya da suka wuce aka kawo ki gidan da ke jikin namu, siririya, doguwar wuya, da keken ɗinki a cikin kayan ɗakinki. Ban ɗauke ki a bakin komai ba. Amaryar malamin makaranta ba wata babbar kasuwa ba ce. Sai ranar da na shigo gidanku da wata mata daga Kutama tana biye da ni, ina ƙoƙarin sayar mata da turmin atamfa. Na rantse mata 'yar Holan ce, na ce irinta uku suka shigo Kano, biyu matan manya sun kwashe. Kina zaune a kan kekenki, kika tsoma yatsa a kofin ruwan da ke gefenki, kika murza bakin atamfar, kika ɗago yatsan kika nuna mana. Ya yi shuɗi kamar kin fito daga marina. Matar ta yi dariya har da riƙe ciki, ta tafi da kuɗinta. Na juyo zan wanke ki tas, sai kika ce, da wannan muryar taki mai sanyi, "Yaya Asibi, da ta wanke ta zuba, ai gidan nan za ta tuna, ba ke ba. Ki ce mata ta gida ce, ki rage mata, za ta saya."

Matar ta dawo bayan sati biyu, ta sayi ta gidan, kuma har yau abokiyar cinikina ce. Ke kaɗai ce macen da ta taɓa ɓata mini ciniki na gode mata.

Daga nan muka haɗa hannu, ni in kawo yadi, ke ki ɗinka, ni in kai gida-gida. Kina da wata ɗabi'a da na daɗe ina mita a kanta: ragowar ƙyalle. A ganina haƙƙina ne, tunda yadina ne. Ke kuma sai ki tara su a cikin wata tsohuwar kwalla, duk jaririn da aka haifa a layinmu, kafin ranar suna kin aika masa da hula da 'yar riga. Babu ruwanki da ko uwar tana gaishe ki ko ba ta gaishe ki. In na yi magana ki ce ai talla kike mini, jariran suna yawo da kayana a ka. Ranar jana'izarki na ga yara manya-manya a ƙofar gida, 'yan aji uku da aji huɗu, na tsaya ina tuna launin hular kowanne.

Ba zan manta da shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a ba. Kowa ya yi murna, ni ma na yi. Amma a lokacin aurena ya mutu, kuma bazawara mai shiga gidajen mutane da gyale a kafaɗa ta zama abin kallo. Samarin da jiya suke ce mini Gwaggo suka fara tambayata ina za ni, wa ya aike ni. Gidaje biyu aka ce kada in sake shiga. Na zo na zauna a bakin ƙofarki na ce na gaji, zan koma ƙauyenmu in kama surfe. Ba ki yi mini wa'azi ba. Kika auna ni daga ka zuwa ƙafa, kika kwana biyu a kan keke, kika miƙo mini hijabi ruwan toka har ƙasa, kika ce in sa in fita, kuma duk wadda ta tambayi inda na samu in ce akwai saura. Kika kuma sa Malam Tasi'u ya faɗa a masallaci, a gaban dattawa, cewa ni yayar matarsa ce, wanda yake da magana da ni ya zo wurinsa. Ba mu haɗa komai ba, ko gari. A shekarar nan babu abin da muka sayar kamar hijabi. Shi ya ciyar da ni, shi ya rufa mini asiri. Sai dai yanzu in na kalle shi ina tuna wani abu: yana rufe ƙafa. Mace za ta wuce ki sau goma ba ki ga idon sawunta ba.

Ƙibar taki ba rana ɗaya ta zo ba. Haihuwar fari kika tafi Gammo kamar yadda ake yi, kika dawo kin cika, kowa ya ce masha Allah, Inna Marka ta iya. Muka zuba ido mu ga ta sauka kamar ta sauran mata in goyo ya tsotse su. Ba ta sauka ba. Ciki na biyu ya zo ya ɗora a kai, na uku ya ɗora a kan na biyu. Ke tela ce, kin fi kowa sani. Rigunanki kika riƙa warwarewa kina buɗewa, har aka kai inda babu sauran abin buɗewa, kika fara sa musu ƙari a gefe da ƙyalle mai kama. A unguwa kuwa sai tsokanar Malam Tasi'u ake yi, wai shi ya rame kamar alli, duk albashin a jikin matarsa yake. Shi kuma ya yi dariya, yana jin daɗi, kuma wa zai ga laifinsa. A lokacin da malami ke zuwa makaranta da takalmi mai faci, matarsa ce kaɗai shaidar cewa gidansa ana ɗora tukunya.

Abin da ba a gani a waje ni na gani, don ni nake shigowa ba sallama biyu. Gwiwoyinki suna ciwo. Da safe yatsunki ba sa lanƙwasuwa sai kin jiƙa su a ruwan ɗumi kafin ki iya zura zare a allura. Kina yawan cewa jikinki yana ɗumi daga ciki, ba zazzaɓi ba, wani ɗumi ne dai da ba ya tafiya. Taka keke, da a da kike yi kina hira, ya koma sai kin tsaya kin huta. Kuma ba ci kike yi ba. Na sha ganin kwanonki, bai kai rabin nawa ba.

A nan dole in kawo Sista Zaituna, tsohuwar ungozomar asibiti da ta yi ritaya take zaune a Kabo. Abokiyar cinikina ce, mai wuyar sha'ani, takalmi ɗaya sai ta gwada shi sau biyar. Bara ina gidanta aka shigo da wata mai jego a duba mata nono. Na buɗe baki, kamar yadda na saba, na ce kai, wannan jego ya yi kyau. Sista ta harare ni. Ta ɗage zanen matar, ta danna babban yatsanta a ƙwaurinta, ta ɗan riƙe, ta ɗauke. Gurbin yatsan ya zauna, kamar an danna ƙullun alkaki. Ta ce in zo in gani da kyau, tunda na fi ta shiga gidaje.

Bayan sun tafi ta yi mini bayani, ni kuma zan faɗa yadda na riƙe, don ni ba likita ba ce. Ta ce ƙiba iri-iri ce. Akwai ta abinci da hutu. Akwai wadda ruwa ne kawai ya taru a ƙarƙashin fata, ita ce mai barin gurbin yatsa. Sannan ta ce kitsen da ya yi yawa lokacin ciki, ya kuma ƙi tafiya bayan haihuwa, ba zaune yake shiru ba. Yana tafiya da wani kumburi na cikin jiki wanda ido ba ya gani, kamar garwashi a ƙarƙashin toka. Kumburin yana sa jiki ya ƙara riƙe ƙiba, ƙibar tana ƙara hura kumburin, har likitocin ma, in ji ta, ba su gama sanin wanne ke fara kiran wanne ba. Haihuwa ta zo ta ɗora, wata ta zo ta ɗora, jini ya hau, zuciya ta fara gajiya. A kan irin wannan jikin sai a zuba kunun kanwa safe da yamma, kanwa kuwa 'yar'uwar gishiri ce, aikinta riƙe ruwa. Sai a kawo tafasasshen ruwa, a kawo wuta a ƙarƙashin gado. Ta ce da yawa suna tsallakewa, shi ya sa ake ganin ba komai. Wadda ba ta tsallake ba a ce kwananta ne ya ƙare.

Na ji, na gyaɗa kai, na ce Allah ya kyauta, na sayar mata da takalminta na fito.

Cikinki na huɗu ya zo da nauyi tun farko. Kin je awo sau biyu, aka ce jininki ya hau, aka rubuta magani, shi ma sai da kuɗi kamar komai a yanzu. Kin sha har ya ƙare, ba a sake saye ba, don kin ce kin ji sauƙi. Kin haihu lafiya a gida, mace. A al'ada haihuwa ta huɗu ba a tafiya wanka gida, a ɗakin miji ake yi. Amma itace ya yi tsada a Gwarzo, kananzir kuwa sai dai labari, ga damina ta jiƙa komai, ruwan wanka biyu kullum har kwana arba'in ba ƙaramin wuta yake ci ba. Gammo akwai kara, akwai kirare, akwai uwa. Malam Tasi'u ya ga gata zai yi miki. Bayan suna ya samo mota ya kai ki.

Sunan ma an yi shi yadda ake yi yanzu, shiru-shiru. Tun zuwan Shari'a malaman unguwa sun duba bikin suna sun gyara abubuwa da yawa, ban ce ba su kyauta ba. Sun ce kiɗan ƙwarya ba shi da asali, aka kife ƙwarya. Sun ce cuɗanyar maza da mata a ƙofar gida ta isa, aka raba tabarmi. Har gasar zanen suna an yi mata wa'azi, wanda ya taɓa cinikina, na haƙura. Amma har yau ban ji wanda ya tambayi asalin tukunyar wanka ba. Ita a bayan ɗaki take, inda malamai ba sa leƙawa.

Kada wanda ya karanta wannan ya zagi Inna Marka. Ta sayar da akuyarta ta sayi ƙafafun sa da yaji da kanwa mai kyau. Tun asuba take hura wuta da ɗanyen itace, hayaƙi ya mayar da idanunta ja. Hannayenta duk tabon ƙuna ne na tsoma ganyen darbejiya a tafasasshen ruwa. Ita kanta jego tara ta yi a haka, ga ta nan tana noma. In kin ce mata akwai illa, jikinta za ta nuna miki. Duk abin da ta yi miki, Naja'atu, so ne, kuma iyakar saninta ke nan.

Wadda ta sani ni ce.

Ranar da kika cika kwana ashirin da bakwai na zo Gammo da kayan komawarki: atamfar arba'in, da hijabi, da takalmi. Kina amarya lamba talatin da takwas kike sawa, bayan haihuwa ta uku kika koma arba'in. Na kawo arba'in da ɗaya, don na san jego. Na same ki zaune a bakin gado, an tokare miki baya da matashi uku. Ɗakin kamar gidan burodi. Fuskarki ta cika tana sheƙi, idanunki sun shige ciki. Muka gaisa, ya jego, ya mai sunan Hajiya, ya ruwa, kina amsawa kina tsayawa tsakanin kalma da kalma. Kika ce ba kya iya kwanciya, in kin kwanta numfashi ne yake ƙwacewa, sai a zaune kike samun barci. Mata uku na maƙwabta suna zaune a tabarma sun zo ganin kaya, Inna Marka tana tsaye a bakin ƙofa da ludayi a hannu.

Na durƙusa in gwada miki takalmin. Ko yatsu bai wuce ba. Na riƙe ƙafar da hannu biyu ina turawa, ina wasa ina cewa kamfanin ne suka fara ƙwauron fata. Da na saki, sai na ga gurbin babban yatsana a bayan ƙafarki. Na tsaya ina kallonsa. Bai cike ba.

Ke ma kin gani. Kika sunkuyo kamar za ki duba takalmin, kika yi ƙasa da murya yadda ni kaɗai zan ji, kika ce, "Yaya Asibi, ke kina ganin mata. Tsakaninki da Allah, wannan ƙiba ce?"

Na ja bakin zaninki na rufe ƙafar. Na ɗaga murya yadda har na bakin ƙofa za su ji, na ce, "Ƙiba ce mana. Inna, kin yi aiki. Wannan in ta koma Gwarzo sai Malam ya sake ƙofa."

Matan suka yi dariya. Inna Marka ta yi murmushin da na daɗe ban ga irinsa a fuskar tsohuwa ba. Ke kuma kika dube ni, kika koma kika jingina.

Tun ranar nake neman dalili. Na ce wa kaina ba a kunyata uwa a gaban maƙwabtanta. Na ce ni baƙuwa ce a gidan. Na ce saura kwana goma sha uku ki dawo, in kin dawo in ɗauke ki mu je wurin Sista. Duk gaskiya ne, kuma duk ba shi ba ne. Abin da ya faru shi ne, shekara goma sha tara bakina yana faɗa wa mata abin da suke son ji, kin yi kyau, ya karɓe ki, kamar don ke aka yi. Ranar da aka nemi ya faɗi wani abu daban, sai ya faɗi abin da ya saba. Na tafi da takalmin na ce zan canjo babba.

Sauran Malam Tasi'u ne ya ba ni labari. Tari ya kama ki. Aka ce sanyi ne ya shige ki, aka ƙara wuta, aka ƙara kanwa a kunu. Kwana biyu na ƙarshe kika ƙi wanka, kika ce in aka watsa miki ruwan ji kike kamar an danne miki ƙirji. Ranar Laraba da hantsi numfashi ya gagara. Aka tura mai babur Gwarzo ya kira mijinki, aka ɗauko ki a amalanken shanu zuwa bakin titi, a makon kuma man fetur ya yi wuya, sai bayan azahar aka samu mota. Likitan da ya duba ki a asibiti ya yi abin da zai iya. Ya ce zuciya ce ta gaji, ruwa ya taru har ƙirji, da an kawo ki mako guda kafin nan da akwai magana. Mako guda kafin nan ina durƙushe a gabanki da takalmi.

Ranar sadakar bakwai na koma Gammo. Bayan mata sun ragu na samu Inna Marka a bayan ɗaki tana jera itace a ƙarƙashin rumfa don kada ruwa ya taɓa shi. Na yi mata gaisuwa, ta amsa ba ta daina jerawa ba. Ita ce ta fara maganar. Ta ce kwana biyu kika ƙi wanka, kwana biyu cur, kuma ta ji tausayinki ta ƙyale ki, ta nan sanyi ya samu ƙofa. Ta ce laifinta ne, da ta matsa miki da kina nan. Ta ce a wankan Sa'ada ba za ta yi sake ba, ko tana kuka sai an yi mata, kuma kanwar ma za ta ƙara.

Sai na faɗa mata komai, maganar Sista Zaituna, da takalmin, da gurbin yatsa, da tambayar da kika yi mini, da amsar da na ba ki. Ban gyara ba, ban sa masa suga ba. Ban san bakina ya iya irin wannan ba.

Ta ajiye icen da ke hannunta. Ta ce, "Kin gani da idonki, Asibi?"

Na ce na gani.

"Kika yaba mini."

Na ce na yaba miki, Inna.

Na jira zagi, da na samu da na ji sauƙi. Ba ta zage ni ba. Ta zauna a kan turmi tana kallon tabon hannayenta. Ba ta ce ta yarda ba. Ta ce ita ba ta san maganar asibiti ba, uwarta haka ta yi mata, haka ta yi wa 'ya'yanta. Can ta ɗago ta ce, "To in na bar kanwar, na rage wutar, na mayar musu da yarinya gidan mutane kamar an ƙwato ta daga yunwa, haihuwar fari, me za a ce da ni? Za a ce Marka ta kashe ɗaya, ta kasa ciyar da ɗaya. Ke ce za ki bi gida-gida ki faɗa musu dalili?"

Na ce bin gida-gida ai shi ne aikina.

Ta ce to in kawo Sistar ta gan ta, ta ji daga bakinta, in ta ga mutuniyar kirki ce za ta bari ta riƙa zuwa tana duba ƙafar Sa'ada. Iyakar abin da na samu ke nan. Itacen dai yana nan a jere, ban ga ta rage ko ɗaya ba.

Naja'atu, malamai sun ce wadda ta rasu cikin jinin biƙi tana da ladan shahada. Na yarda, kuma shi nake roƙa miki, ko da yake ban ji sun ce a taimaka wa mace ta je ta samu ba. Allah ya jiƙanki, ya gafarta miki, ya yalwata kabarinki ya sanyaya shi, don zafi kam kin sha. Ya sa hulunan jariran nan su zama inuwarki ranar da babu inuwa. Ban nemi gafararki kina da rai ba. Ina nema yanzu a gaban duk wanda ya karanta, kuma ina roƙon Allah ya sa ki yafe.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Malam Tasi'u, wanda ya yi abin da ya ga gata ne. Allah ya ba shi haƙuri da ikon riƙe marayu. Ga Ahmadu da Altine da Halima Sa'adiya, da jaririya Hajaratu da za ta san uwarta a bakin mutane kawai. Allah ya raya su, ya yi musu albarka. Ga Inna Marka, Allah ya sanyaya mata zuciya. Ga Sa'ada da mijinta Ubaidullahi, Allah ya sauke ta lafiya. Kuma Ubaidullahi, awo ba a gama shi ranar haihuwa, ka riƙe wannan. Ga mutanen Gammo da na layinmu a Gwarzo baki ɗaya, Allah ya ba mu haƙuri, ya kyautata namu ƙarshen.

Sista Zaituna ta ce za ta je, in na biya mata kuɗin mota kuma na daina kawo mata takalmi mai matse yatsa. Ni ma na fara nawa yawon, gida tara na faɗa zuwa yau. A biyu an saurare ni, a sauran an ce Allah ya jiƙan rai, aka tambaye ni ko akwai sabuwar atamfa.

Na gaji, kuma ban san yadda za ta kaya ba. Amma a ce tsohuwar ta daure ta saurari Sista, a ce ranar arba'in an sauke Sa'ada daga mota a ƙofar gidan mijinta, da jaririnta a hannu, a raye, wuyanta dogo, rigarta tana mata yawa. Mata za su cika zaure kamar kullum, ana leƙe ana auna ta da ido. A cikinku wace ce za ta fara cewa Inna Marka ba ta iya jego ba?